Kuɗinku na kwance a Legas, kuna nan kuna cewa caca ce

Jama'ar Ƙofar Mata! Wannan makon da masu cewa hannun jari caca ce nake, domin maganar ta ishe ni.

Yawancin masu faɗar haka su ne suka zuba kuɗi a MMM har ta rufe a Disambar 2016, wasunsu kuma CBEX ta sake wanke su a Afrilun 2025. Wanda ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata guda, shi ne mutumin kirki; kamfanin da kake ganin simintinsa a kowane kango a unguwa, shi ne ɗan caca? Haba jama'a!

Na san inda tsoron ya samo asali. Lokacin da Soludo ya tilasta wa bankuna tara jarin naira biliyan 25, iyayenmu da yawa sun sayi hannaye, sai kasuwa ta rushe a 2008, aka ji jiki. Gaskiya ne. Amma daga nan aka cusa takardun a ƙasan adaka aka manta, alhali kamfanonin da suka rayu sun ci gaba da raba riba. A 2023 hukumar SEC ta ce ribar da masu ita ba su karɓa ba ta kai wajen naira biliyan 190. Kuma dokar kuɗi ta 2020 ta ce ribar da ta shekara 6 ba a nema ba, a mayar da ita wani asusu da gwamnati ke ranta daga ciki. Wato kana neman bashin kuɗin makaranta, gwamnati na juya naka.

Su ma masu karɓa ban ƙyale su ba. Riba na shigowa, sai shadda da kati. Ɗauki Dangote Cement: naira 30 ya biya kan kowane hannu a 2024. Mai hannu 1,000 ya tashi da 27,000 bayan an cire harajin kashi 10. In ya cinye, baɗi yana nan da 1,000 ɗinsa. In ya kira dillalinsa ya ƙaro hannaye, ko 30 ne bayan la'ada, baɗi a kan 1,030 za a biya shi, su ma sababbin su haihu. A Amurka kamfanoni kan yi wa mutum wannan juyin kai tsaye. A nan sai jefi-jefi, kamar yadda MTN ya ba masu jari zaɓin karɓar hannaye maimakon kuɗi a 2023, saura kuwa da kanka za ka yi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne a ce wannan dabarar Turawa ce. A unguwar marina? Marini ba ya zubar da katsin da ya kwanta a gindin rijiya, kwashewa yake ya ƙona ya mayar da shi aiki. Kakarka ma da tunkiyarta ta haihu ba ta yanka 'yar ba.

Masu cewa haramun ne, ku tantance, kada ku yi kuɗin goro. Bankin ruwa da kamfanin giya daban, siminti da sukari daban. Tun 2012 akwai jerin Lotus a kasuwar na kamfanonin da aka tace bisa shari'a, Jaiz ma yana kasuwar tun 2017. Farashi kan faɗi, eh, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 30 a 2024, wadda ta fi cin wanda ya ajiye tsaba a ƙarƙashin katifa.

Don Allah a buɗe adakar Baba. A ɗauki takardun da lambar BVN a je banki a cike fom ɗin e-dividend, ribar ta riƙa faɗawa asusu. In mai hannayen ya rasu, sai magada sun fara samo takardar gado daga kotu kafin magatakardan kamfanin ya saurare su.