Takobin Kusugu: Makamin da Babu Shi a Monster Hunter

Ƙannena, wannan makon filin namu na masu buga gem ne, amma wanda bai taɓa riƙe abin bugawa ba ma kada ya juya shafi, domin zancen zai kai mu gida.

Akwai wani wasan bidiyo mai suna Monster Hunter, na kamfanin Capcom na ƙasar Japan, wanda ya fara fitowa a 2004, Monster Hunter Wilds kuma ya fito a 2025. Aikinka a ciki farautar dodanni ne. Ka kashe dodo, ka ɗebi fatarsa da ƙashinsa, ka kai wa maƙeri ya ƙera maka makami mafi ƙarfi, ka koma neman dodon da ya fi wancan. Irin makaman da ke cikin wasan 14 ne, kuma takubba sun yi yawa a ciki: ga ƙaton takobi mai nauyi, ga dogo siriri irin na samurai, ga gajere mai garkuwa, ga tagwaye. Masoya wasan sun daɗe suna gardamar wane makami zai zama na 15. Ni dai amsata tana Daura.

Duk mun san labarin tun muna firamare. Bayajidda ya biyo ta Gaya, maƙera suka ƙera masa makami. Ya iso Daura da dare, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, ta ce babu, don macijiya mai suna Sarki ba ta barin a ɗebi ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a. Ya karɓi guga ya nufi rijiya. Ku lura da abin da ya faru daga nan, domin shi ne tsarin makamin gaba ɗaya. Bai shiga rijiyar ba. Guga ya zura, macijiya ta kama, ya jawo ta sama, kanta na fitowa ya sare shi. Ashe makamin Bayajidda guda biyu ne, takobi da igiyar guga, mu ne muke manta na biyun.

To ga abin da na zana. A hannun dama takobi gajere, miƙaƙƙe, mai kaifi biyu, irin wanda mahaya dawaki ke ratayawa a kafaɗa da hamila ranar hawan salla. A hannun hagu igiya mai wasaki a bakinta. Kada gajartar ta ba ku kunya. Takobin sarautar Katsina ma, wanda ake danganta shi da Korau, sunansa Gajere.

Yadda ake faɗa da shi kuwa, mai wasa zai jefa wasaki gaban dodo ya jira. Dodo ya kai cizo ko sara ya kama, sai igiya ta ɗaure, wani ma'auni ya bayyana a allo. Ka ja da wuri, dodo ya saki. Ka makara, ya fizge ka ya maka da ƙasa. Ka ja daidai lokaci, kansa ya sunkuyo gabanka na daƙiƙa 2, a nan ne kake da sara guda mai ɓarna ƙwarai, wanda na sa wa suna Makas-Sarki. Sauran saran takobin duk na rage zafi ne kafin wannan damar ta zo.

Wani zai ce ai akwai igiya a wasan tuntuni. Gaskiya ne, a Iceborne na 2019 akwai ƙugiyar da mafarauci ke harbawa ya maƙale jikin dodo. Amma waccan kai take kaiwa wurin dodo. Tawa dodon take kawo maka. Wannan bambancin shi ne hujjar kiran sa sabon makami, domin masu tsara wasa ba siffa suke fara dubawa ba. Abin da suke tambaya shi ne, wane hali makamin zai koya wa mai riƙe da shi? Ƙaton takobi na koya lissafin inda dodo zai tsaya, tagwaye na koya naci. Takobin Kusugu haƙuri zai koya, da karanta fuskar dodo.

Yanzu sai inda yawancin masu zane ke faɗuwa. Idan ka ce yaro ya ƙirƙiro makami, sai ya ba shi tsawo da ƙarfi da sauri da wuta da garkuwa. Irin wannan makamin kashe wasa yake yi, don ba wanda zai ƙara taɓa sauran 14 ɗin. Dole ka cire masa wani abu. Nawa ba shi da garkuwa, hannun hagu ya tafi ga igiya. Ba ya kai wa nesa. Igiyar kuma tana cinyewa: yadda takobi ke dakushewa a wasan har sai ka tsuguna ka wasa shi a dutse, haka za ka janye gefe ka tufka igiya alhali dodo na nemanka. Dodo mai tashi sama kuwa zai wahalar da kai sosai, kuma na bar shi haka da gangan.

Maƙerar ma ba ta aro nake so ba. A ga zuga-zugi, da uwar maƙera, da masaba, da awartaki, a gefe kuma baduku yana ɗinka kube da jar fata. Igiya ta fara daga ta rama, ta koma ta kaba, daga ƙarshe ta jijiyar dodo.

Me ya sa nake ɓata tawada a kan wannan? Rijiyar Kusugu na nan a Daura, baƙi na zuwa suna shan ruwanta, kuma labarinta ya ƙunshi duk abin da mai tsara gem ke nema: baƙo, maƙeri, dodo mai ƙa'ida, gari mai ƙishirwa, da lada. Kamfanin Kiro'o Games na Kamaru ya fitar da Aurion a 2016 daga al'adun Afirka, a Legas akwai Maliyo Games. In ba mu taɓa namu ba, wata rana wani zai taɓa, ya ba Bayajidda takobin samurai, mu kuma mu sayi data mu sauke. Kayan aiki ba su ne cikas ba. Blender na zanen siffa kyauta ne, Godot na haɗa wasa ma haka, matakin farko kuma fensir ne da bayan littafin lissafi (bayan an tashi daga aji, kada a ce ni na sa ku).

Abu ɗaya ya rage ban warware ba, shi na bar muku. Monster Hunter mutum huɗu ke iya fita farauta tare. Idan mai Takobin Kusugu ya jawo kan dodo ƙasa, abokansa uku za su rufe shi da sara, wataƙila su riga shi. A labarin Daura ma mutane da yawa sun ce su suka kashe macijiyar, sai da Daurama ta nemi a nuna kai. To a wasanmu, wa za a ba kan, wanda ya ja igiya ko wanda ya yi saran ƙarshe? Ku rubuto amsarku tare da zanen makaminku da sunan makarantarku, kuma kowane zane ya zo da rauninsa a rubuce a ƙasa.