Mudu Bai Isa Ba, Mu Koyi Kilo Da Lita

Yau ina so mu tattauna a kan awo, domin mu ne masu cefane, mu ne masu girki, kuma mu ne aka fi cuta a wurin ma'auni.

A shekarar 1973 aka canja mana fam da sule zuwa naira da kwabo, ba a daɗe ba kowace mace ta iya lissafinsu. A 1974 kuma aka yi dokar awo wadda ta tsayar da kilo da lita da mita a Nijeriya. Amma har yau da yawanmu mudu da tiya da kwalba kawai muka sani. A ganina wannan sakaci ne, kuma kuɗinmu yake ci.

Abu na farko da ya kamata mu gane shi ne, cika daban, nauyi daban. Mudu da lita da galan cika suke aunawa, wato wurin da abu ya ci. Kilo da giram da laba kuwa nauyi suke aunawa. Kilo ɗaya giram 1,000 ne, lita ɗaya mililita 1,000 ce. Galan irin na Ingila ya ɗan haura lita huɗu da rabi, laba ɗaya kuwa giram 454 ce.

Abin da ya haɗa cika da nauyi shi ne nauyin lita guda na kowane abu. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ta man gyaɗa wajen giram 920, shi ya sa mai yake tasowa a kan miya. Ta kananzir wajen giram 800. Ta zuma mai kyau kuwa wajen giram 1,400. Lissafin ba wuya: ki raba nauyin abu da yawan litocinsa, sai ki sami nauyin lita guda. In kuma kin riga kin san nauyin lita guda, ki ninka shi da yawan lita, ki sami nauyin kayan duka.

Ga misali ga mai ƙosai ko mai tuyar awara. Ta sayi jarkar man gyaɗa da aka ce lita 25 ce. Giram 920 sau 25 ya kama kilo 23, ban da nauyin jarkar kanta. Idan ta ɗora a sikeli, ta cire nauyin jarka, ta ga kilo 21, to ta raba giram 21,000 da 920. Za ta ga man bai kai lita 23 ba. Fiye da lita biyu sun tafi ke nan, kuma daga ribarta suka fita.

Haka zuma. Idan aka haɗa rabi zuma rabi ruwa, litar za ta dawo wajen giram 1,200, sikeli kuwa zai tona asiri. Sai dai sukarin da aka dafa ya yi kauri yana iya kamo nauyin zuma, don haka kada ki daina ɗanɗanawa da shinshinawa.

Mudu kuwa ba shi da tsayayyen girma. Na wannan kasuwa daban, na waccan daban. Wani a tara shi ya yi tozo, wani a shafe bakinsa, wani ma an buga gindinsa ya shige ciki. Amma buhun shinkafa mai kilo 50, kilo 50 ne ko'ina. A ce kin auna mudunki kin sami giram 1,250, to buhu mudu 40 ne. Ki ninka kuɗin mudu sau 40, ki gwada da kuɗin buhu, nan take za ki san wanda ya fi sauƙi. In buhun ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ku haɗa kuɗi da maƙwabta ku raba.

Wata za ta ce ai iyayenmu da kakanninmu da mudu suka rayu. Gaskiya ne, amma su hatsinsu daga rumbu yake fitowa, ba su sayi gas na girki a kilo ba, ba su ba yaro maganin da aka rubuta mililita 5 a jikinsa ba. Cokulan gida ba girmansu ɗaya ba, saboda haka a auna maganin yaro da ɗan kofin da ya zo da shi. Wata kuma za ta ce sikelin ma ana murɗa shi. To, ki ɗora masa ruwan gora mai lita ɗaya da rabi. In ya nuna abin da ya yi nisa da kilo ɗaya da rabi, ki nemi wani mai sayarwa.

Roƙona ga iyaye mata shi ne, kada mu ce lissafi na yara maza ne. Awon nauyi da na cika yana cikin darussan firamare, kuma yarinyar da ta iya shi ba za a tauye mata mudu tana kallo ba. Idan 'yarki ta taso daga makaranta, ki ba ta kwalba da mudu ta gwada abin da aka koya mata. Ƙungiyoyinmu na adashi kuma su daure su sayi sikeli guda na kowa da kowa.

Allah Ya sa albarka a cikin nemanmu, amin.