Sake Gina Ƙungiyar Ƙwallon Kwando ta Makaranta a Lokacin Hutu: Fa'idodi da Illoli

Ƙungiyar ƙwallon kwando ta babbar makaranta ba ta daɗewa da fuska ɗaya. Kulob irin Kano Pillars yana iya riƙe ɗan wasa shekara da shekaru muddin an daidaita a kan albashi, amma makaranta tana rabuwa da nata ranar da ya rubuta jarrabawar ƙarshe. A kwalejin kimiyya da fasaha, irin ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara ko ta tarayya da ke Ƙauran Namoda, ƙaramar difloma shekara 2 ce, daga nan ɗalibi ya tafi shekarar sanin makamar aiki, kuma ba lalle ne ya dawo nan ya yi babbar difloma ba. A kwalejin ilimi ta Maru shekara 3 ake yi, a Jami'ar Tarayya ta Gusau kuwa yawancin kwasa-kwasai shekara 4 ne. Don haka, ko makaranta tana da tsohuwar ƙungiya ko yanzu take shirin kafawa, duk ƙarshen shekarar karatu koci yana da zaɓi biyu a gabansa: ya cike guraben waɗanda suka tafi kawai, ko kuwa ya buɗe ƙofa ya ɗebi sababbi da yawa, ya cika benci, ya sake gini tun daga tushe.

Zaɓi na biyu shi ne ya fi jan hankalin magoya baya, shi ne kuma ake aunawa a nan. Dokar hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ce ma'aunin farko: mutum 12 ake rubutawa a takardar wasa, 5 ne a fili, ana buga minti 40 a zango huɗu, kuma canji ba shi da iyaka.

Fa'idodi

Fa'ida ta farko lissafi ce kawai. Mutum 5 sau minti 40 ya ba da minti 200 da dole a raba wa 'yan wasa a kowace karawa. Ƙungiyar da mutum 7 kaɗai za ta iya dogara da su tana ɗora wa kowannensu kusan minti 29, kuma wanda ya yi laifi biyar alƙalin wasa zai zaunar da shi har a tashi. A wasa ɗaya ana iya jurewa. Amma gasannin manyan makarantu, wato NUGA ta jami'o'i wadda aka fara a 1966, da NIPOGA ta kwalejojin fasaha, da NICEGA ta kwalejojin ilimi, a 'yan kwanaki ake tattara su, ƙungiya ta buga yau ta sake bugawa gobe. A irin wannan tsari, mai ɗan wasa na takwas da na tara da za a iya sakawa ba tare da fargaba ba yakan kai kwanakin ƙarshe da sauran ƙarfi. Idan aka haɗa da zafin bazarar Zamfara, inda ma'auni kan haura digiri 40 a watan Afrilu, da filin siminti da ba rufi, amfanin benci ya wuce batun ado.

Atisaye ma yana buƙatar yawa. Ba a iya gwada biyar da biyar sai da mutum 10, kuma ranar da biyu ke ajin yamma, ɗaya yana jinyar gurɗewar ƙafa, ƙungiya mai mutum 12 ta rage saura 9, ta koma jefa ƙwallo a kwando kawai. Ɗan wasan da ya san akwai mai jiran gurbinsa ba ya yawan makara. Sai dai wannan gasa ta cikin gida tana amfani ne idan na bencin ya kusa kamo na fili. Wanda bai iya riƙe ƙwallo ba ba ya tsorata kowa.

Akwai kuma riga-kafi. Ɗalibi yana ɓacewa daga ƙungiya saboda dalilan da ba su da alaƙa da fili: ya faɗi jarrabawa, kuɗin rajista sun gagara, an kira shi gida, ko ya sami gurbi a wata makaranta. Kocin da ya ɗauki 'yan aji ɗaya da yawa tun yanzu ya sayi kwanciyar hankalin baɗi. A makarantar da karatu shekara 2 ne, rabin ƙungiya na iya tafiya a lokaci guda, saboda haka ɗaukar sababbi kowace shekara kusan wajibi ne a can, ko da ba a kira shi sake gini ba.

Buɗe ƙofar gwaji ga kowa yana tono waɗanda ba a san da su ba, kuma wannan ce fa'idar da ta fi dacewa da yanki irin na Janbako da Bakura da Maradun a Zamfara, inda ƙwallon ƙafa ta mamaye filaye, yara da yawa kuma ba su taɓa tsayawa ƙarƙashin kwando ba sai sun zo babbar makaranta. Wasan yana karɓar mai zuwa a makare idan yana da tsayi da saurin ƙafa. Hakeem Olajuwon ƙwallon hannu da tsaron gida a ƙwallon ƙafa yake yi a Legas, sai da ya zama saurayi ya shiga ƙwallon kwando, kuma a wata gasar makarantu a Sakkwato, a ƙarshen shekarun 1970, ya fara bugawa, lokacin da Zamfara ke cikin tsohuwar Jihar Sakkwato. Daga nan ya tafi Jami'ar Houston, aka ɗauke shi na farko a zaɓen 1984 na NBA, gasar ƙwararru ta Amurka, ya ci kofinta a 1994 da 1995. Adalci dai shi ne a ce irinsa ba a samu sau biyu a ƙarni. Abin da gwajin hutu ya fi samarwa shi ne dogon yaro mai shekara 19 da zai iya tsare ƙarƙashin kwando na minti 10, kuma wannan ma riba ce.

Tarihi ya nuna cewa ginin gaggawa yana iya tsayawa. A Afrilun 2024 koci John Calipari ya bar Jami'ar Kentucky ta Amurka ya koma Arkansas, 'yan wasa suka watse, magajinsa Mark Pope ya haɗa sabuwar ƙungiya cikin 'yan watanni, yawancinta daga wasu jami'o'i, kuma a Maris na 2025 ta kai zagayen ƙungiyoyi 16 a gasar ƙasa. Amma kafin a ɗauki wannan misali a ɗora wa Talata Mafara, ya kamata a san abin da ke ƙarƙashinsa. Tun 2018 NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta buɗe rajistar masu neman sauya makaranta, tun Yulin 2021 kuma ɗalibi yana iya karɓar kuɗi da sunansa da hotonsa. Wato akwai kasuwar gogaggun 'yan wasa da ake shiga a zaɓa. A Najeriya sauya makaranta batun JAMB ne da ofishin rajista, ba na koci ba.

Wani lokaci kuma sababbin fuskoki suna warware ɓangaranci, musamman inda tsofaffin 'yan wasa suka mai da gurbi kamar gado.

Illoli

Babbar asarar da ake yi ita ce fahimtar juna, abin da ba ya fitowa a takardar sunaye. Ƙungiya tana da daƙiƙa 24 ta jefa ƙwallo, kuma a cikinsu babu lokacin bayani. Mai raba ƙwallo ya san inda abokinsa zai ɓullo ne domin sun daɗe tare, tsaro kuma aikin mutum biyar ne da ke motsi kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Hutu ɗaya ba ya koyar da wannan. Misalin da ke kusa, Zariya, ya fi karkata ga haƙuri. Sunan da Jami'ar Ahmadu Bello ta yi a wannan wasa yana da alaƙa da Oliver B. Johnson, Ba'amurken kocin da aka fi sani da OBJ, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana horar da yara a wuri guda. A hannunsa Masai Ujiri ya taso, kafin ya tafi kwalejin Bismarck ta Amurka, daga baya ya shugabanci Toronto Raptors har ta ci kofin NBA a 2019. 'Yan wasan Zariya sun yi ta sauyawa kamar na kowace makaranta, amma koci da salon koyarwa ba su sauya ba. Inda aka sauya koci da kyaftin da rabin ƙungiya a hutu guda, babu wanda ya rage da zai koya wa sababbi yadda ake yi.

Lissafin minti 200 ɗin nan yana da ɗaya gefen. Idan aka raba su daidai ga mutum 12, kowa bai kai minti 17 ba, kuma babu gwanin da zai yarda da haka. Idan ba a raba daidai ba, mutum 4 ko 5 za su yi doguwar tafiya su dawo ba su yi gumi ba. Ɗalibi ba albashi yake karɓa ba, wasan ne ladansa. Wanda aka hana shi wasa yakan daina zuwa atisaye, ko ya zauna yana gunaguni, na biyun kuma ya fi lahani. A kakar 2014 zuwa 2015 Kentucky ta tara gwanaye har tana canja biyar da biyar a lokaci guda, ta ci wasa 38 a jere, sannan Wisconsin ta fitar da ita a wasan kusa da na ƙarshe. Jami'ar Duke, wadda ta ƙare kakar da mutum 8 kacal masu gurbin tallafin karatu, ita ta ɗauki kofin. Wasa 38 a jere shaida ce babba ga masu son benci mai yawa, kuma ba daidai ba ne a rage mata daraja. Amma kofin ya tafi wajen ƙungiyar da kowa ya san aikinsa.

Kowane ƙarin suna ƙarin kuɗi ne: riga, takalmi, abinci, kujerar mota zuwa Gusau ko Sakkwato ko Zariya, da masauki. Takalmin dogon ɗan wasa ma ba a kowace kasuwa ake samun lambarsa ba. Kasafin ofishin wasanni ɗaya ne ga dukan wasanni, kuma abin da aka ƙara wa wannan ƙungiya daga wata aka zare shi. Sau da yawa ƙungiyar mata ce ke fara ji a jikinta, alhali a matakin ƙasa matan ne suka fi ɗaga sunan Najeriya: D'Tigress ta ci kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, ta kuma kai zagayen kwata fainal a gasar Olamfik ta Paris a 2024.

Matsin lambar a ga sakamako nan da nan yana buɗe ƙofar sojan haya. Kukan saka waɗanda ba ɗalibai ba a wasannin makarantu tsohon kuka ne a Najeriya, shi ya sa ake tantance takardu kafin gasa. Ba kowane sake gini ke kai wa ga haka ba, kuma zalunci ne a zargi koci don kawai ya kawo sababbin fuskoki. Amma idan hukumar makaranta ta ce tana son kofi bana, lokaci kuma ya ƙure, ɗan kulob da ke zaune a gari ya fi ɗan aji ɗaya sauƙin samu. In an kama, a kori ƙungiya duka. In ba a kama ba, ɗalibin gaskiya ne ya rasa gurbinsa.

Illar da masu kwaikwayon tsarin waje suka fi mantawa ita ce, a wannan yanki hutu ba a hannun koci yake ba. Idan ya faɗo a damina, ɗalibin Janbako ko na ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwan Bakalori gona ce ke jiransa, kuma babu mahaifin da zai ga dalilin barin noma don atisayen da ba a biya. Ɗakunan kwana a rufe suke, fili a buɗe yake ga ruwan sama. Kalandar karatu kanta ba ta da tabbas: yajin aikin ƙungiyar ASUU na 2022 ya ɗauki wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba, duk wani shirin ƙungiyar jami'a ya tsaya cik. Sannan akwai tsaro. Bayan sace ɗalibai mata a Jangebe a Fabrairun 2021, da na Kaya a ƙaramar hukumar Maradun a Satumban wannan shekarar, gwamnatin Zamfara ta rufe makarantun firamare da sakandare na tsawon watanni. Sakandare ce ke ciyar da babbar makaranta da 'yan wasa, kuma yaran da suka rasa wasannin makaranta a lokacin sun iso ba tare da tushe ba. Tara mutum 15 irin waɗannan yana cika takarda, amma koyarwar da suke buƙata ta fi ƙarfin koci ɗaya a makonni shida. Tara ɗalibai a sansanin horo, ko yawo da su a hanya don wasan sada zumunci, shi ma hukunci ne da ya wuce ofishin wasanni.

Ɗan wasan kansa yana iya zama wanda ya fi kowa asara. Wanda aka jawo saboda tsayinsa aka tura shi kwas ɗin da ke da gurbi, ba wanda yake so ba, yana iya ƙarewa ba wasa ba karatu idan an sake gini baɗi aka ajiye shi. Hanyar gaba ma ƙunci gare ta. Rikicin shugabancin hukumar ƙwallon kwando ta Najeriya da ya ɓarke a 2017 ya dagula gasar cikin gida shekaru da dama, kuma kulob-kulob na arewa da ke biyan albashi, irin su Kano Pillars da Gombe Bulls, ba su da gurbin da zai ɗauke duk masu fitowa daga makarantu. A ɗaya ɓangaren, ba a musun cewa akwai yaran da wasan ne kaɗai ya kai su aji, ya kuma riƙe su har suka karɓi takardar shaida.

Mahaifin da aka zo neman ɗansa a Janbako ko Bakura saboda tsayinsa, ya nemi ganin takardar shiga makaranta da sunan kwas kafin a nuna masa rigar wasa, ya kuma tambayi mutum nawa daga ƙungiyar bara suke nan har yanzu. Bayan ya ji amsa, shawara ta rage gare shi da ɗansa.