Rami ɗaya, ma'aikata iri biyu

A watan Maris na 2025 gwamnati ta sallami shugabanni 3 ƴan ƙasar Sin na kamfanonin man fetur, har da na matatar SORAZ ta Damagaram. Cikin dalilan da aka bayar akwai tazarar albashi tsakanin baƙo da ɗan ƙasa. Magana ce mai tushe, kuma ta samu masu faɗinta. Amma akwai wata tazara da ba a cika ɗaga murya a kanta ba, domin tsakanin ɗan ƙasa da ɗan ƙasa take.

Mu tuna da Akokan, kusa da Arlit. Kamfanin COMINAK, wanda ƙasarmu ta haɗa jari da Faransawa da Japanawa da Sipaniyawa a cikinsa, ya fara fitar da uraniyom a 1978, daga rami mai zurfin mita 250. Ran 31 ga Maris na 2021 ya rufe. Ma'aikatansa na kansa, wajen mutum 600, an zauna da ƙungiyoyinsu, an yanka musu kuɗin sallama. Madalla. To, amma a wurin nan akwai wasu ɗaruruwa da sunansu ba ya cikin littafin kamfanin, wato ma'aikatan ƴan kwangila. Ƙura ɗaya suka shaƙa da sauran, zafi ɗaya suka sha. Da aka zo rabo, abin da suka samu bai kama ƙafar na abokan aikinsu ba.

Dabarar ba ɓoyayya ba ce. Babban kamfani yakan miƙa tuƙi da gadi da gyaran injuna ga ɗan kwangila, ya biya shi a dunƙule, ya kakkaɓe hannunsa. Ban ce a hana kwangila ba, ƴan kasuwarmu ma da ita suke ci. Abin da na ƙi shi ne ta zama hanyar sauke nauyin mutum.

Saboda haka ina roƙon magabatanmu, duk ranar da za a sa hannu da wani kamfanin waje, a rubuta cewa ma'aikacin ɗan kwangila yana wuyan babban kamfani wajen lafiya da sallama. Masu binciken ƙwadago kuma su riƙa neman lambar CNSS ta kowane lebura, su ga takardar likitansa da idonsu, domin ciwon huhu na mahaƙa yakan daɗe bai fito ba, sai bayan mutum ya koma ƙauyensu, ɗan kwangilar kuwa ya canza suna ko ya rufe shago.