Sikawut na Ruwa: Mu Ma Muna da Gulbi



Da an ce Sikawut, abin da ke faɗo mana a rai shi ne ɗan kwalin wuya da usur da fareti ranar 1 ga Oktoba. To ashe ƙungiyar tana da reshen da aikinsa a kan ruwa yake. Robert Baden-Powell ya fara Sikawut a Ingila a 1907, kuma a 1912 yayansa Warington, wanda ya san aikin jirgi, ya rubuta littafin koyar da yara tuƙi da zaman ruwa. A ƙasar Holan, har yau 'yan Sikawut na ruwa suna da nasu ƙaramin jirgin ƙarfe mai suna lelievlet, mai ɗaukar kamar mutum shida. Ana tuƙa shi da hannu, in kuma iska ta taso a ɗaga masa ƙyalle ta tura shi. Yaran ne ke kankare tsatsarsa, su yi masa fenti da kansu.

Wani zai ce ina ruwan ɗan Anka da wannan, tunda ba mu da teku? Gaskiya ne. Amma muna da Gulbin Zamfara, wanda ya ratsa ƙasashen Anka da Bukkuyum da Gummi kafin ya shiga jihar Kebbi. Da rani sai ka tsallaka wasu wuraren da ƙafa, kana ture yashi. Da damina kuwa, in ba kwalekwale, ba gona ba kasuwa.

Ba mu manta da Asabar 14 ga Satumba, 2024 ba, ranar da kwalekwale ya kife da manoma a Gummi suna hanyar zuwa gonakinsu. An rasa rayuka masu yawa. Allah Ya jiƙansu da rahama. Tun daga ranar muke tambayar kanmu: a ajinku na mutum hamsin ko sittin, su nawa suka iya iyo? Mu dai da muka yi sakandare a wannan yanki mun haddace sunayen manyan kogunan duniya don jarrabawa, amma ba wanda ya taɓa nuna mana yadda ake zama a cikin kwalekwale.

Kuma ilimi ne sosai. Mai fito yana duban fuskar ruwa ya san inda zurfi yake da inda ruwan ke juyawa. Ya san lokacin da zai dogara gwangwala a ƙasa da lokacin da za ta daina taɓowa. Ya san yadda ake raba kaya da mutane don kada gefe guda ya rinjaya. Ɗan Sikawut na ruwa yana ƙara wasu abubuwan a kai: ba a miƙewa tsaye a tsakiyar gulbi, in kwalekwalen katako ya kife, sau da yawa ba ya nutsewa gaba ɗaya, don haka a riƙe shi, in mutum yana nutsewa, a jefa masa igiya ko jarka marar komai mai rufaffen baki, kada wanda bai ƙware ba ya faɗa, domin mai nutsewa ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, balle wuyanka. Dabarar jarkar nan ma ba baƙuwa ba ce. Masuntan Argungu a kan gora suke yawo a ruwa.

Ba mu ce kowa ya ruga gulbi gobe ba. Wanda ya yi haka, ba da yawunmu ba.

Abin da muke so shi ne makarantar da ke da 'yan Sikawut ta ware rukunin ruwa. Malamin da ke kula da su ya nemi izinin iyaye, ya je ya gai da Sarkin Ruwa, ya roƙi a ba su ƙwararren mai fito ɗaya. A fara da rani, inda ruwa bai wuce ƙugu ba, kowa da rigar kariya. Rigunan nan su ne masu tsada, kuma nan ya kamata ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta shigo. 'Yan mata ma a ware musu rana da malama, tunda su ma kwalekwalen nan suke shiga.

Ku kai wa shugaban makarantarku maganar a wannan zango, kafin ruwa ya sauka. Duk amsar da ya ba ku, ku rubuto mana mu ji.