A Nemi Maganin Taɓon Najasa A Gida

Duk garin da ya cika ya batse da jama'a, ba abin da ke tona asirin masu kula da shi kamar inda ƙazantarsa ke zuwa. Gina matatar ruwan najasa aiki ne babba, amma ba a nan aka gama ba. Bayan an tace ruwan an sake shi, akan bar wani baƙin taɓo mai wari a ƙasan tankuna, kuma zubar da wannan taɓo yakan ci kaso mai tsoka na kuɗin tafiyar da matata.

Dalili kuwa shi ne, taɓon kusan duk ruwa ne. Sau da yawa kashi 95 zuwa 99 daga cikin 100 na nauyinsa ruwa ne zalla. A ɗauki misali da tan 100 na taɓo wanda ainihin ƙazantar cikinsa kashi 2 ce daga cikin 100, watau tan 2. Idan aka matse shi har ƙazantar ta kai kashi 20 daga cikin 100, nauyinsa zai sauko zuwa tan 10 kacal. Ke nan tan 90 na ruwa an huta da ɗaukarsa. Motar da za ta yi sawu goma sai ta yi ɗaya. Duk ma'aikacin da ya taɓa sa hannu a takardar kuɗin mai ya san amfanin wannan.

Sai dai taɓon ba ya sakin ruwansa da daɗin rai. Ƙananan ƙwayoyin da ke cikinsa suna ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya, saboda haka suna korar juna, suna riƙe ruwa a tsakaninsu. Don haka kafin a sa shi a injin matsa, akan zuba masa wani sinadari mai dogon zare, wanda masana ke kira polima. Shi ke kashe cajin, ya ɗaure ƙwayoyin su dunƙule, ruwa ya ware gefe guda. Wanda ya taɓa jefa alif a randar ruwa mai laka ya ga irin wannan aiki da idonsa.

Polimar da aka fi amfani da ita a duniya ita ce poliyakirilamaid, wadda ake sarrafawa daga albarkatun man fetur. Ba shakka tana da aiki, kaɗan daga cikinta ya isa. Amma tana da aibu biyu. Na farko, tana jinkirin ruɓewa ƙwarai, sai ta bi taɓon zuwa gona ta zauna a cikin ƙasa. Na biyu, akan sami ragowar akirilamaid a cikinta, watau sinadarin da aka haɗa ta da shi, wanda Hukumar Binciken Ciwon Daji ta Duniya ta sa cikin jerin abubuwan da mai yiwuwa ne suna haddasa ciwon daji tun 1994. A Jamus har dokar taki ta sa sharaɗi: ko dai polimar ta ruɓe da kashi 20 daga cikin 100 a shekara biyu, ko kuma a ƙayyade yawan da zai shiga gona.

A nan ne polimar da ake samu daga tsirrai da dabbobi ta shigo. Akwai kitosan, wanda wani Bafaranshe, Charles Rouget, ya gano a 1859, ana kuwa samunsa daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa. Akwai sitaci da aka gyara don ya ɗauki caji. Akwai ruwan ɓawon itacen gidan bagaruwa, wanda ake sarrafawa a Burazil ana sayarwa don tace ruwa. Akwai kuma ƙwayar zogale, wadda matan karkara a Sudan suka daɗe suna dakawa suna kwantar da lakar ruwan Nilu da ita. Dukansu ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa suna cinye su, su koma taki.

Abin lura shi ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan da Nijeriya ta rasa. Ita ce kan gaba a duniya wajen noman rogo. Zogale shinge ne a gidaje. Bagaruwa kuwa majema sun san ta tun kaka da kakanni. Amma poliyakirilamaid sai an nemi kuɗin ƙasashen waje kafin a saye ta, ranar da odar ta makara kuma aiki ya tsaya.

Ba daidai ba ne a ɓoye raunin waɗannan abubuwa. Galibi akan buƙaci fiye da na roba kafin su yi aiki iri ɗaya. Idan an jiƙa su ba sa jure ajiya, balle a lokacin bazara. Kitosan yana da tsada. Sitaci abinci ne, bai kamata matata ta shiga takara da cikin talaka ba. Bugu da ƙari, matse ruwa ba ya kashe ƙwayoyin cuta, ba ya kuma cire ƙarfe mai guba irin wanda masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa ke amfani da shi. Taɓon da ya haɗu da wannan bai dace da gona ba, ko da me aka matse shi. In an manta da wannan, an gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Duk da haka, raunin nan dalilin yin gwaji ne. Matatar Wupa ta Abuja, wadda aka buɗe a 2007, wuri ne da za a iya gwadawa a kan taɓo na gaske. Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna da sassan kimiyya na jami'o'i suna da masu ilimin. Ya kamata ma'aikatun ruwa da na muhalli su haɗa su wuri guda, a auna yawan da ake buƙata, da ruwan da ake cirewa, da kuɗin kowane tan, a buga sakamakon kowa ya gani. Ɗalibai masu neman abin da za su rubuta kundin digiri a kai ba su da uzurin cewa babu aiki.

Manoman gefen birane sun daɗe suna zuba sharar gari a gonakinsu, kuma za su ci gaba. Abin da aka zuba wa taɓo a matata, ƙarshensa gonar alayyafo ne, daga nan sai tukunya. Lalle ne hukumomi su zaɓi abin da zai ruɓe.