Ra'ayinmu: Baƙon da ke kwana a aji

Duk malamin da ya taɓa buɗe aji bayan dogon hutun damina ya san abin da ake tararwa. Ciyawa ta kai gwiwa, ɓeraye sun yi gida a kabad ɗin littattafai, kwaɗi sun cika bayan ajujuwa. Inda kuwa ɓera da kwaɗo suka yada zango, maciji ba ya nisa, domin abincinsa ya biyo. A makon da aka koma, wata 'yar uwarmu da ke koyarwa a wata firamare a bayan ganuwa ta ɗaga tabarmar yara, sai ga kububuwa a naɗe. Allah ya kiyaye, ba ta sari kowa ba.

Mu a ƙasar nan ba baƙin labarin maciji ba ne. Mu ne muke koya wa yara tarihin macijin rijiyar Kusugu ta Daura, wanda ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. To, wancan an san wurinsa, an san ranarsa. Na yanzu ba ya sallama. Yana cikin takalmin da aka bari a ƙofar ɗaki, yana ƙarƙashin randa, yana cikin tarin itacen girki. Gidajen da yawancinmu ke iya kamawa haya suna sababbin unguwanni ne, inda jiya-jiya gonaki ne, kuma kangaye na kewaye da su.

Kada ƙanƙantar kububuwa ta ruɗi kowa. Dafinta yana hana jini daskarewa, har mutum ya riƙa zubar da jini ta dasashi. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, kuma a Kaltungo ta Jihar Gombe asibiti guda aka keɓe masa. Idan tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A cire zobe ko awarwaro kafin kumburi, a hana wanda aka sara tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. Muna girmama masu maganin gargajiya, amma sa'o'in da ake ɓatawa a wurinsu su ne ke cin rai.

Akwai kuma laifin da yake namu. Mun saba, ranar farko, mu tura ɗalibai da lauje da fartanya su share filin makaranta, da yawansu da silifa, wasu ma ba takalmi. Amanar iyaye ce a hannunmu, kuma idan aka sari yaro, malamin da ya tura shi za a fara tuhuma, ba wanda ya ƙi sakin kuɗin shara ba.

Don haka reshenmu yana kira ga hukumomin ilimi da kwamitocin kula da makarantu da su ɗauki manya aikin sassabe kafin a buɗe kowane zango, a toshe ramukan bango da na bayan gida. Muna kuma roƙon Ma'aikatar Lafiya ta sanar da shugabannin makarantu asibitocin da ke da allurar kashe dafi a ajiye, don kada a yi ta yawo da yaro a kan babur. Wakilan makarantu su kawo wa sakatariya sunayen wuraren da har yanzu ba a share ba kafin taronmu na gaba.